Na Sake Kallon Fim Ɗin Damben Muhammad Ali, Sai Na Ji Kunyar Bidiyoyina Na Argungu

Yau ba "danna nan, shiga can" za mu yi ba. Ra'ayi ne zan faɗa, kuma na san wasu abokaina masu ɗaukar bidiyo a nan Birnin Kebbi ba za su ji daɗinsa ba. To amma da kaina zan fara.

Daren Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a gida nan Gesse, babu wuta, ina rage kaya a laftof saboda ta dame ni da kukan wuri ya cika, sai na ci karo da wata folda da na sa wa suna Argungu 2020. Bikin kamun kifin da aka yi a watan Maris na shekarar ke nan, wanda ya dawo bayan an shafe kusan shekara goma ba a yi ba. Na buɗe da zumuɗi. Me na tarar? Ƙeyar mutane. Jerin motocin manya da ƙura. Wani bidiyo da na ja zum har ƙarshe, hannu na rawa, ba ka iya bambanta gora da kan mutum a cikin ruwa. Sai kifin nan mai kilo 78 da ya zo na ɗaya, shi ma daga nesa, ta tsakanin kafaɗun jama'a. Wallahi ko minti biyar ban iya zama na kalla ba, alhali ni na ɗauka da hannuna.

Da sauran cajin da ya rage sai na kunna wani tsohon dokumentari, wato fim ɗin abin da ya faru da gaske, mai suna When We Were Kings. Na taɓa kallonsa da daɗewa don son Muhammad Ali kawai. Wannan karon da idon mai riƙe kyamara na kalle shi, kuma a nan kunyar ta kama ni.

Ga wanda bai san labarin ba. Ranar 30 ga Oktoba 1974 aka yi dambe tsakanin Ali da George Foreman a Kinshasa, babban birnin ƙasar Zayar, wadda yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Ali yana da shekara 32, an ƙwace masa kambu tun 1967 saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam. Foreman yana da 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cin sa ba, 37 daga ciki ma abokin karawar bai kai ƙarshe ba. Kowannensu an yi masa alkawarin dala miliyan 5. Ƙarfe huɗu na asuba aka shiga fili, don ya dace da lokacin masu kallo a Amurka. A turmi na takwas Ali ya kai Foreman ƙasa.

Kun ga na faɗa muku ƙarshen, kuma ban ɓata muku komai ba. Fim ɗin ya fito a 1996, shekara 22 bayan damben, babu wanda ya shiga kallonsa bai san wa ya ci ba. Duk da haka, idan aka zo daren damben, sai ka ji gabanka na faɗuwa kamar ba ka sani ba. Tambayar da ta hana ni barci ita ce, ta yaya Leon Gast, mai ba da umarnin, ya yi wannan?

Da tsoro ya yi. Fim ne na kusan awa ɗaya da rabi, kuma mafi yawansa ba dambe ake yi ba, gina maka tsoron Foreman ake yi bulo bayan bulo. Za a nuna maka yadda ya yi wa Joe Frazier a Jamaika a 1973, ya kayar da shi sau shida a turmi biyu. Za a nuna maka Ken Norton, shi ma turmi biyu. Su biyun nan kuwa kowanne ya taɓa cin Ali. Sannan a kai ka wurin atisaye, Foreman yana dukan buhun motsa jiki, mai horar da shi ya rungume buhun yana jijjiga da kowane naushi, har wurin da ake duka ya lotsa. Ba a ce maka "wannan mutum abin tsoro ne" ba. An bar ƙarar naushin ta shiga kunnenka, an bar kyamara a wurin ta ɗan daɗe fiye da yadda kake so. A gefe guda ga Ali yana ta cika baki, yana ba 'yan jarida dariya, amma saboda abin da ka riga ka gani, sai surutun nasa ya koma maka kamar na mutumin da ke waƙa a hanyar daji da dare don kar tsoro ya kama shi.

Wannan aikin editin ne tsantsa. Hoton Ali yana barkwanci shi kaɗai abin dariya ne. Ka sa shi bayan hoton buhun nan, ya zama abin tausayi. Hoto ɗaya ne, wurin da aka ajiye shi ne ya sauya ma'anarsa. Mu da muke amfani da CapCut da KineMaster muna ɓata awa guda wajen zaɓen salon da hoto zai juya ya shiga wani, ba mu ɓata minti biyar muna tunanin wane hoto ya kamata ya riga wane ba.

Abu na biyu ya fi ba ni mamaki. Gast fa ba dambe ya je ɗauka ba. Bikin kiɗa aka ɗauke shi ya ɗauka, wanda aka shirya a watan Satumba don ya zo tare da damben, inda su James Brown, B.B. King da Miriam Makeba suka yi wasa. Ana saura kwanaki kaɗan sai Foreman ya ji ciwo a saman ido wurin atisaye, aka ɗage damben fiye da wata guda. Mawaƙa suka yi wasansu suka tafi. Wani ne da ya naɗe kayansa ya ce aiki ya ɓaci. Shi sai ya juya kyamara kan Ali, ya bi shi: yana gudu da safe yara na bin sa, yana zaune bakin kogin Kongo, yana hira da mutanen gari, suna yi masa kirari da harshen Lingala wai ya kashe shi. Wannan ya ba ni dariya, don mu ma a damben gargajiya ai haka muke cewa, idan mutum ya kai ƙasa an kashe shi ke nan, ko da zai tashi ya kakkaɓe ƙura. Zaman jiran nan da kowa ya ɗauka asara ce, shi ne ya zama zuciyar fim ɗin.

Idan aka zo damben kansa kuma, ba a saka maka turmi takwas cif ba. An tsinto wuraren da suka ɗauki nauyin labarin: turmin farko da Ali ya riƙa jefa hannun dama kai tsaye, abin da ake ganin raini ne ga babban ɗan dambe, yadda ya jingina da igiya ya bar Foreman ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, sai faɗuwar. A daidai faɗuwar an nuna wani hoto mara motsi na marubuta biyu da ke bakin fili, Norman Mailer da George Plimpton, baki buɗe. Hoton nan kaɗai ya gaya maka girman abin da ya faru fiye da a maimaita naushin sau goma. Ni kuwa a duk foldata babu fuskar mai kallo ko ɗaya. Ƙeya dai.

Amma kar in cika yabo, fim ɗin yana da aibi, kuma aibin ya shafe mu kai tsaye. An yi abu a tsakiyar Afirka, gaban mutum kusan dubu 60, amma waɗanda aka zaunar a kujera suna fassara mana shi kusan duk Amurkawa ne: Mailer, Plimpton, Spike Lee, Thomas Hauser. Ɗan Afirka guda na riƙe a cikinsu, Malick Bowens, kuma shi ne ya kawo bayanin da ya fi kowanne daɗi, cewa Foreman ya sauka daga jirgi da katon kare irin wanda 'yan sandan Beljiyam ke tsorata mutane da shi a zamanin mulkin mallaka, tun daga nan jama'a suka juya masa baya. Ka ga abin da baƙo ba zai taɓa lura da shi ba. Mutanen Kinshasa kuwa suna nan a fim ɗin, suna rawa, suna ihu, suna gudu bayan mota, amma da wuya ka ji an tsaya an tambayi ɗaya me yake gani. Akwai ma wurin da Plimpton ke ba da labarin wani boka da wata aljana da aka ce za ta karya lagon Foreman, sai aka riƙa saka fuskar Miriam Makeba tana waƙa a kan maganar. Editin ne mai ƙarfi, ba musu, amma ni rashin adalci na gani. Matar da aka hana komawa ƙasarta saboda yaƙi da wariyar launin fata, an mayar da ita hoton aljana don labari ya yi armashi. Wuƙar da ta gyara nama ita ce ta yanki hannu.

Wannan ya tuna mini da wani fim da ya fi kusa da mu, don a kan kogin Kwara aka yi shi, can yankin Ayorou a Nijar. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya bi masuntan Sorko, waɗanda ake dangantawa da Sarkawanmu na nan Kabi, yana ɗaukar yadda suke farautar dorinar ruwa da masu a farkon shekarun 1950. Kyamararsa irin mai wani ce, ka murɗa ta ta yi aiki kamar sakan ashirin ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar sauti. Wayar da ke aljihunka yanzu ta fi ta komai. Ya je Faransa ya haɗa fim, ya saka kiɗan farauta a wurin da ake bin dorina don ya motsa masu kallo. A 1954 ya dawo da shi Ayorou ya haska wa masuntan. Suka ce masa a'a. Dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara mata, farautar dorina shiru ake yi. Ya cire kiɗan. Abin da ya burge ni shi ne komawar da ya yi ya nuna wa masu abin, kuma ya karɓi gyaransu. Mu nawa ne muka taɓa ɗaukar masunci ko ɗan kokawa, muka koma muka nuna masa kafin mu ɗora a TikTok da waƙar da ta fi tashe a makon?

To mu dawo Matan Fada.

Bikin nan ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan tsawon shekaru na gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta saka shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Kamun kifin da kowa ke rububin ɗauka kamar awa ɗaya ne kacal: a harba bindiga, dubban mutane su ruga da gora da homa, makaɗa na zagayawa a kwalekwale, a fito da giwan ruwa a kai ma'auni. Awa ɗayan nan kuwa duk gidajen talabijin suna wurin, da manyan kyamarori, da jirage marasa matuƙi a sama, da wurin tsayawa na musamman. Kai da wayarka a bayan mutum dubu ba za ka taɓa cin su a wannan ba. Ni na gwada, ga sakamakon a foldata.

Inda za ka ci su shi ne inda Gast ya ci, wato a zaman jira. Baƙon da ya zo daga Legas ko Landan kwana uku zai yi ya koma. Kai daga Gesse tafiyar awa guda ce ko ƙasa da haka, kuma kana jin abin da ake faɗa ba sai an fassara maka ba. Wa ya taɓa ɗaukar mutum ɗaya tak, tun sati biyu kafin biki, yana ɗinke homarsa, yana gwada gorarsa ko tana shan ruwa? Wa ya tambaye shi me yake ji idan ya nutsa, ruwa ya rikiɗe laka, ƙafafun mutum ɗari na kansa, ya ji wani abu mai girman ɗan maraƙi ya gogi cinyarsa? Nan tsoron yake, buhun Foreman ɗinmu ke nan. Ga Sarkin Ruwa da abin da ke wuyansa kafin a yarda kowa ya taka ruwan. Ga yaran wasannin Kabanci, masu tseren kwalekwale da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. Ga matan da ke banda da suya, waɗanda su suka san ko shekarar ta yi kifi ko ba ta yi ba. Ga kuma wanda ya fito da homa wayam, yana tafiya gida jiƙe sharkaf ba mai kallonsa. A cikin dubban da suka shiga, irinsa su ne kusan kowa, amma babu su a bidiyon kowa.

Na tuna ranar, wajen da muka ajiye mota, akwai wani dattijo zaune yana gyaran raga. Ya gan ni ina ɗaga waya sama ina sauri, ya ce, "Ɗana, mi kaka ɗauka?" Na ce, "Kifi, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Kihin ai bai hito ba tukuna." Na ce masa ina zuwa. Ban dawo ba.

Tunda dai sai mun taɓo na'ura, bari in faɗi abin da zan sauya. Zum na waya na daina ja, don a yawancin wayoyinmu yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi, shi ya sa yake dushewa, rawar hannu kuma ta ninka. Ƙafa ce zum, ka matsa kusa. Waya a kwance idan aikin na ajiya ne, a tsaye idan na sitatus ne. Ka danna fuskar mutum a sikirin ka riƙe har haske da saiti su kulle, musamman a bakin ruwa inda ƙyallin rana ke ruɗa kyamara ta mayar da fuska baƙi ƙirin. Kowane ɗauka ka ƙirga goma a zuciyarka kafin ka tsayar, ko da kana ganin babu abin da ke faruwa. Ka sa waya a yanayin jirgi, kar kira ya katse maka hira a tsakiya. Kuma kar 4K ya ruɗe ka: minti ɗaya na iya cinye MB 300 zuwa sama a wayoyi da yawa, ga zafi ga shan caji, alhali 1080p ya wadatar.

Sauti kuwa shi ne wanda muka fi wulaƙantawa. Mutane za su yafe maka hoto mai ɗan duhu, ba za su yafe maka muryar da iska ta cinye ba. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga ba tsada gare shi ba, in babu ko na iyafis ya fi babu, ka naɗa masa ɗan soso saboda iskar bakin kogi. Sannan ka ɗauki minti biyu na sautin wurin zalla, ba magana: ganga daga nesa, ƙarar gora na haɗuwa, ruwa. Da shi za ka cike gurbin da ka saba toshewa da waƙar da ba ta da alaƙa da wurin. Ka tuna da masuntan Ayorou.

Sai ajiya, wanda ya fi ci mini rai. Abin da ya sa fim ɗin Gast ya ɗauki shekara 22 rigimar kuɗi ce da ta mallaka. Duk tsawon lokacin nan yana riƙe da faifan da ya ɗauka, fiye da awa ɗari, bai bari sun salwanta ba. A 1997 fim ɗin ya ci kyautar Oscar, Ali da Foreman suka hau dandamali tare, Foreman yana tallafa masa a matakala saboda ciwon da ya riga ya kama shi. Daga ragowar faifan da ba a yi amfani da su ba ma an sake fitar da wani fim a 2008, Soul Power, a kan bikin kiɗan. Ali ya rasu a 2016, Gast a 2021, Foreman a 2025. Faifan suna nan.

Mu fa? Na taɓa ɗaukar wata kokawa a wani ƙauye bayan girbi, mai kyau ƙwarai, wayar ta lalace na kai gyara aka wanke ta tas ba a tambaye ni ba, ban da kwafi ko ɗaya. Laifina ne. Wasu kuma kwafinsu ɗaya shi ne wanda ya bi ta WhatsApp, an matse shi har ba a gane fuska. Idan za ka tura wa wani don ajiya, ka tura shi a matsayin dokumen, a nan ba a rage masa inganci. Ka ajiye asali a wuri biyu aƙalla, ɗaya a faifan ajiya na waje ko kwamfuta, ɗaya a intanet. Google na ba da GB 15 kyauta. Ka sauya wa fayil suna, ka sa kwanan wata da wuri da wanda ke magana, da izininsa, don nan da shekara ashirin ba za ka tuna ba. Ni Shago a bakin Ɗan Anace na san shi, ban taɓa ganin yadda yake jefa hannu ba, kuma zan iya biyan ko nawa ne in gani. 'Yan damben da masuntan da ke raye yau ba su da wannan uzurin a kanmu, tunda kowa na yawo da kyamara a aljihu.

Foldar Argungu 2020 dai ban goge ta ba. Da wuta ta dawo na sake bi ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi a wani bidiyon motoci, a can gefen hagu, dattijon nan ya shigo hoto na kamar sakan huɗu, kansa a duƙe, zare a bakinsa, hannuwansa na aiki. Na yanke sakan huɗun na ajiye daban. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu, bayan an sauko masallaci, zan hau mota zuwa Argungu da su a waya, in nuna wa masunta a bakin kasuwa ko akwai wanda ya gane shi.